Ƙwayoyin Baba a Bokitin Na'a-na'a

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, murna da tsoro sun haɗu sun hana ni zama wuri ɗaya.

Ni tela ce, 'ya'yana uku, kuma mahaifin mijina yana zaune da mu tun rasuwar matarsa. Tsakar gidanmu ko tabarma biyu ba za ta ci ba, kuma duk siminti ne. Bara wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni reshen na'a-na'a, na soke shi a fasasshen bokiti ba don na sa rai ba. Anti, sai ga shi ya kama! Daga nan abin ya shiga jinina. Yanzu bokiti goma sha ɗaya gare ni, har da tsohuwar tayar mota: citta, tafarnuwa, daddoya, shuwaka, ga zogale guda da ya riga ya leƙa bayan katanga. Ruwan wankin shinkafa ba ya zuba a banza a gidana, ɓawon ƙwai ma daka shi nake yi. Ranar da na tono cittar farko ihu na yi ni kaɗai, maigidana ya ce ko haihuwar fari bai ga na yi wannan rawar kai ba.

To ga inda zancen yake. Baba, wato surukin nawa, mutum ne mai wuyar sha'ani. Shekara tara bai taɓa yabon girkina ba, iyakarsa ya ture kwano ya ce an gode. Amma tun da na fara dafa masa shayin na'a-na'a da citta da safe, tsohon nan ya sake. Yanzu Likita yake kirana! Shi ke ba shukar ruwa idan ina kan keke, yana faɗa wa abokansa surukarsa ta fi asibiti. Maƙwabta har sallama suke yi a tsinka musu ganye. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura, kuma daɗi nake ji.

Shekaranjiya na zo raba na'a-na'ar saboda ta riga ta cika bokitin. Ina juye ƙasar sai ga wasu fararen abubuwa a gefe, biyar ba su gama narkewa ba. Ƙwayoyin hawan jininsa ne. Ashe kullum mijina ya miƙa masa ƙwaya kafin ya fita aiki, sai Baba ya damƙe ta, ya je ban ruwa ya danna ta cikin ƙasa da yatsa. Na tambaye shi a hankali, ya yi dariya ya ce shayina ya ishe shi, jikinsa garau, kuma kada ɗansa ya ji.

Idan na faɗa, na san mijina, bokitan nan kan bola za su kwana, Baba kuma ya koma ture kwano. Idan na yi shiru wani abu ya same shi, ina zan sa kaina? Kuma Anti, anya ba shayin ne ke aiki da gaske ba?

Taki,
Mai Bokiti Goma Sha Ɗaya

Mai Bokiti, sannu da ƙoƙari. Wadda ta fitar da citta a kan siminti ta cancanci ta yi ihu, kuma na fahimci daɗin samun shiga wurin suruki bayan shekara tara. Shi ma Baba ban ga laifinsa sosai ba, shan ƙwaya kullum akwai gundura.

Amma ki saurare ni. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau yake kayar da shi. Ko shayinki na taimakawa ko ba ya yi, awo ne zai faɗa, ba ni ba, ba ke ba, ba Baba ba. Wannan sirri ba na riƙewa ba ne, ko na kwana ɗaya.

Ki fara da Baba, cikin ladabi. Ki ce masa ba za ki iya ɓoyewa ba, ya zaɓa: ya faɗa wa ɗansa da bakinsa, ko ku faɗa tare, amma yau. Gobe a kai shi a auna shi, a gaya wa likita gaskiyar kwanakin da bai sha ba, ki tafi da sunan kowane ganye da kike dafa masa, don wani ganyen ba ya jituwa da wani maganin. Ki nuna wa maigida cewa lambun ne ya tona asirin, ba shi ya jawo ba. Ƙasar bokitin nan ki zubar, ki sake dashe. Maƙwabta kuwa ki ba su ganyen miya da na shayi, ban da rubuta magani, musamman ga masu ciki da jarirai.

Zai yi fushi, wataƙila ya ture kwano na mako guda. Ki jure. Tunda shi ya naɗa ki Likita, ki karɓi aikin: daga yanzu ƙwaya daga hannunki za ta fito, ki tsaya a kansa ya haɗiye, sannan shayi ya biyo baya. Ki tuna masa cewa na'a-na'a ba ta da hawan jini, ta sha nata ya isa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ja kwanansa har ya sha cittar bokiti na ashirin.