Gonar Inna Ta Koma Taraba

Paki, Ikara

Zuwa ga ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku rufin asiri a Legas ɗin nan taku. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta, Mukarrama kuma ta yaye ɗanta lafiya. Ni ce dai na gaji, Hamisu, gajiya ta gaske, kuma da hannunka a ciki.

Ka san rigimar iyakar gonar Inna da ta maƙwabcinmu Tanko, tun da aka sare adurukun da Baba ya dasa. Kai ka ce in roƙi Malam Usmanu, wanda aka raba gonakin a gabansa, ya zagaya da ni ina riƙe da waya tana ɗaukar sawunmu. Na yi. Tsohon nan da sandarsa, ya taka ya huta, ya taka ya huta, ya nuna mini kututturen, da inda gamba ta tsaya, da surin da ke kusurwar gabas. Da muka gama sai da aka ɗauko shi a mashin.

Ranar da mai unguwa ya sa, muka tafi ofis a Ikara, ni da mai unguwar da Tanko. Loveth, ma'aikaciyar da ke zana taswirar gonaki, ta buɗe fayil ɗin zagayen da wayata ta ɗauka a manhajar nan taku ta kyauta, wadda ba ka gajiya da yabonta. Sai ga gona ta fito da siffarta sak, har da lanƙwasar bakin rafi. Amma a ina? A Taraba, a gefen wani dutse! Tanko ya yi dariya har da buga cinya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Loveth ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce fayil ɗin irin wanda ake kira GML ne. Wayata ta rubuta lambar arewa kafin ta gabas, manhajarku kuma ta karanta su a juye. Wai an daɗe da kai muku kuka, ku masu rubuta ta, kowa na jiran wani ya gyara. Ta ce za ta iya juya lambobin da hannu, amma Tanko ya ce abin da hannu ya taɓa bai yarda da shi ba, mai unguwa kuma ya ba shi gaskiya. Na je Makarfi, na je Kudan, ko wata na'urar za ta karanta daidai. Duk Taraba suka kai ni.

Shawarar da ta rage ita ce a sake zagayen da wata wayar. To, Malam Usmanu ya rasu ranar Juma'ar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Babu sauran wanda ya ga rabon nan da idonsa. Shaidarsa tana cikin wayata, kuma manhajarku ta ƙi karanta ta.

Kullum kana cewa manhajar ta kowa ce, kowa na iya sa hannu ya gyara. To, kai ma kowa ne. Don Allah ka ajiye abin da kake yi ka duba wannan. Hadari ya fara haɗuwa, Tanko kuma ya riga ya zuba taki har bayan surin.

Ka gaida Farida da yara, ka ce wa Halimatusa'adiya na ga hotonta na makaranta. Goggo Mairama tana gaishe ku. Na so in ɓoye wa Inna, amma labari ya riga ni shiga gida. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in rubuta maka haka: "Ni ban taɓa zuwa Taraba ba. Ya dawo mini da gonata gida kafin ruwan shuka."

Yayarka,
Rahmatu