A Danna Ɗaya

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Babin ƙarshe ya ƙi. Na zauna tun hantsi, abin da na samu layi biyu, su ma na goge. A guruf kuwa masu karatu sun ishe ni. Wata Nana Hauwa ta rubuto: "Anti Bahijja, don Allah ki aurar da Mailafiya mu huta, wannan neman masu zuba jari ya isa haka." Ke dai da aure. Mace ta kafa kamfani daga zauren ubanta, tana aika rinin Ƙofar Mata har ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, amma ke ango kike jira.

Ba su san Mailafiyar littafin nan ƙawata Fanna ce ba. Ko sun sani suna kara.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na sake kiran layin Shuniya. Kamfanin Fanna da Luba. Shekara ta zagayo da haɗarin hanyar Zariya da ya ɗauke Fanna, amma har yau muryarta ce ke amsawa: "Assalamu alaikum, barka da zuwa Shuniya. Don yin oda a danna ɗaya. Don ƙorafi a danna biyu, amma a yi a hankali."

Ina wurin ranar da ta naɗa. A bayan maganarta ana jin masu bugu suna dukan yadi, can ƙasa-ƙasa kuma wata tana dariya. Ni ce. Ta harare ni ta ce ba za ta sake ba, kuɗin data ba na banza ba ne.

Ba na danna komai. In ka yi shiru, sai ta ce: "Kuna nan? Ina jira fa."

Ina gaya wa kaina don littafi nake kira, don in kamo yadda take jan magana. Ƙarya nake.

Asabar, 12 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Lungun Madabo ya zama kogi. Ban rubuta komai ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Luba ta zo, ta ƙi zama sosai, gefen kujera kawai. Ta rame. Wai sun samu wasu masu zuba jari, mata biyu daga Legas, za a sake tsarin manhaja, har da layin waya. A ƙara Turanci, a ƙara zaɓi.

"Muryar fa?" na ce.

Ta kalli ƙasa. "Ƙawata, kwastoma na tambaya wace ce wannan mai ban dariya, a haɗa su da ita. Me zan ce musu? Kullum sai na yi wa baƙo bayanin mutuwa kafin in sayar masa da gyale."

Na ce mata abin da bai kamata ba. Na ce dama kujerar Fanna take jira. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce ba za ta cire ba sai na yarda, don ta san ni da Fanna tun muna tallan awara a Islamiyya. Wato ta ɗora mini. Madalla.

Haushin kaina nake ji, amma ban kira ta ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Abin da ke damuna da littafin: duk abin da Mailafiya ta faɗa, Fanna ta taɓa faɗarsa. Ranar da wani mai kuɗi ya tambaye ta ina mijinta kafin ya duba lissafin kamfani, ta ce masa yana gida yana jiran ya ga ko za ta dawo da hankalinta. Na sa. Ranar da marina suka ƙi karɓar oda daga hannun mace, ta zauna bakin karofi har azahar, hannunta ya yi baƙi da shuni. Na sa. Yanzu na iso inda ta shiga mota daga Abuja, an ce mata a dawo wani watan a sa hannu. Daga nan ba ni da sauran maganarta. Ta ƙare.

In na bar motar ta iso Kano, ban san me za ta ce in ta sauka ba. In kuma ban bari ba... a'a. Sau biyu ba zan iya ba.

Don haka motar tana tsaye a hanya wata guda ke nan, da Mailafiya a ciki.

Juma'a, 25 ga Yuli



Na je Gwammaja gaida Ya Jummai, mahaifiyar Fanna. Bayan la'asar ne, ɗaliban babanta sun watse. Na sa ƙafa a zauren farko, zan yi sallama, sai na ji ta. Ba a kunnena ba, ba a wayata ba. A cikin gidan. "Kuna nan? Ina jira fa."

 Na dafa bango ina Innalillahi. Na ce shi ke nan, na kira ta har ta biyo ni, ko kuma kaina ne ya taɓu.

Sai na leƙa zaure na biyu. Baba Goni ne, mahaifinta, a kan buzunsa, shi kaɗai, da 'yar ƙaramar wayarsa a tafin hannu, ya buɗe sifika saboda kunnensa ya yi nauyi. Baba Goni, wanda bai taɓa furta sunan kamfanin ba, wanda ya ce 'yar gidan malamai ba ta yawon otal-otal tana roƙon attajirai. Ranar jana'iza ko hawaye ban ga ya yi ba.

Layin ya katse. Na ga ya sake dannawa.

Na koma da baya a hankali. Ban gaida kowa ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Ban kira ba yau. Sai nake jin kamar zan tarar da shi a ciki.

Talata, 5 ga Agusta

Ashe ya gan ni. Ya aiko Ya Jummai ta ce in zo.

Na durƙusa, muka gaisa. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Dariyarki ce a ciki." Na ce eh, Baba.

"Luba ta ce ke ake jira. Ki ce mata ta cire."

Na ce Baba ai ba ta damun kowa.

"Tana damuna. Kullum sai ta ce tana jira, ni kuwa ban san abin da zan danna ba. Lokacin da ya kamata in yi mata addu'a, sauraronta nake yi. Kuma ni da kaina ba zan iya dainawa ba, Bahijja. Sai an cire."

Ban taɓa jin dattijo ya faɗi haka ba. Kuka ya ƙwace mini, ya bar ni na yi.

Da zan tashi ya ce an gaya masa ina rubuta wata mai kama da ita. Na zaci faɗa ne. Sai ya ce, "A wajenki tana da rai?" Na ce tana mota, Baba, ba ta iso ba tukuna.

"To ki iso da ita. Ki bar ta ta yi furfura. Wannan ban gani ba."

Laraba, 6 ga Agusta

Na je wurin Luba da ƙafata. Na ba ta haƙuri, ta ce in rufe mata baki. Ta ce za ta ajiye mini muryar a waya. Na ce ta ajiye a wurinta, kada ta ba ni ko na roƙa. Kuma zan roƙa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Motar ta iso. A Ƙofar Nasarawa na sauke ta, tana mitar ciwon baya. Shafi huɗu, duk shirme, amma ta sauka.

Litinin, 18 ga Agusta

Mailafiya ta kai sittin. Gwiwa ta hana ta hawa benen ofishinta, don haka ta sa an sauko da ofishin ƙasa. Ta zama mafaɗaciya, tana rina furfurarta da lalle tana musun ba ta yi ba. Yau ta gaya wa wata yarinya mai neman jari magana, na tsaya ina kallon layin. Fanna ba ta taɓa faɗar haka ba. Ban ma san ko za ta faɗa ba. Na bar shi.

Nana Hauwa ta ce tsohuwar ta fi yarinyar daɗi, amma har yanzu ina angon?

Bayan la'asar yatsana ya kira layin, sabo kawai. Muryar Luba ce, a natse, babu bugu, babu mai dariya a baya. Na tsaya in ji ko za ta ce tana jira. Ba ta ce ba.

Na danna ɗaya. Wata yarinya ta ɗauka, na yi odar rawani mai shuni, na ce a kai Gwammaja. Ta tambayi sunan wa za a rubuta. Na ce ta rubuta Goni, baban Fanna, kowa ya san gidan.