Shafin Ƙarshe na Littafin Ɗan Akuya

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Inna tana gaishe ki.

Ranar Asabar muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, Allah Ya jiƙansa, muna neman takardun gida. A ƙarƙashin rigunansa na tarar da littafin nan mai koren bango, na ɗan akuyan da ya ɓace wa wata tsohuwa, wanda yake karanta mana muna ƙanana. Na zauna a ƙasa ina ta buɗawa, har Inna ta tambaya ko takardun gidan a ciki suke.

Na nuna wa mai kula da laburaren makarantar da nake koyarwa. Ta ce littafin ya yi suna, an sake buga shi ba adadi, amma bugun farko ya yi wuyar samu. Ta lissafa mini alamunsa. A bayan shafin suna shekara ɗaya tak za a gani, kuma a shafi na tara an manta ba a yi wa ɗankwalin tsohuwar kala ba. Namu duk haka yake. Sai ta duba ƙarshe. Wai a bugun farko ɗan akuyan bai dawo ba, labarin ya ƙare ne tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa. Sai da iyaye suka yi ta ƙorafi aka ƙara shafin dawowarsa. Namu kuwa ga shi ya dawo. Abin ya ɗaure mata kai, ni ma haka.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ban iya jiran amsarki ba.

Na kai littafin wurin wani tsoho mai ɗinkin littattafai, a wani ɗan shago mai warin gam. Bai ko duba hotunan ba da farko. Ya shinshina takardar, ya ɗaga ta ga hasken taga, ya bi tsakiyar littafin da farcensa. Ya ce duk shafukan da zare aka ɗinke su, ban da na ƙarshe, shi liƙa shi aka yi. Takardarsa ta littafin zane ce, kalar da burushi aka shafa ta, rubutun kuma da alƙalami wani ya kwaikwayi na inji. Ashe bugun farkon ne, wani ne ya yi masa ƙari da hannu.

Ya ce zai iya ɓamɓare shafin da tururi ba tare da tabo ba, kuma sai an cire shi masu tara tsofaffin littattafai za su karɓa. Na ce ya ba ni lokaci. Da na tambayi Inna, dariya kawai ta yi ta ce in tambaye ki. Me kika sani?

Taki,
Auta

Yayata,

Wasiƙarki ta iso, na gode. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi.

Ashe ke ce. Na karanta sau uku. Ban tuna na yi kwana biyu ina kuka na ƙi cin abinci ba, ban tuna ina zuwa bakin ƙofa ina kiran ɗan akuyan ba. Abin da na tuna shi ne Baba ya ce shafuka biyu ne suka manne, ba mu lura ba. Ke kina shekara goma sha huɗu kika yi zanen, shi ya yi rubutun, kuka rufe ni shekara talatin da biyar. Na yi ta ba ɗalibaina labarin da ƙarshenku.

Na koma wurin tsohon na ce ya gyara bangon kawai, kada ya taɓa shafin. Ya ce da ma hannunsa bai so ba. Amma ya sa madubinsa ya sake dubawa, ya ce in tambayi mai zanen abu ɗaya: ƙafa biyar ta yi wa ɗan akuyan, ko ta biyar ɗin wutsiya ce?

Ki gaida kowa. Ina jiran amsa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta