Bitamin ɗin Mai Safa

Asibiti, ɗakin mata masu karaya,
Litinin.

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Lawan. Kin san waya ba ta yi mini amfani tun da kunnena ya yi nauyi, shi ya sa na roƙi maƙwabciyarmu Sista Firdausi ta riƙa kai miki takarda in ta tashi aiki.

An yi aikin ƙugun lafiya, sun ce zan yi kamar sati uku a nan. Ba ciwon ne ya dame ni ba, kyanwata ce, Mai Safa. Shekara goma sha huɗu muna tare, tun rasuwar Malam. A saman firji akwai 'yar kwalba mai jan murfi, bitamin ɗinta ne. Ɗigo biyar a abinci kowace safiya. Kada ki ba ta maganin mutane, ko farasitamol ne, yana kashe kyanwa.

Na san tun da kuka kama haya a gidana tsoronta kike ji. Ki daure saboda ni.

Taki,
Hajiya Asabe.

Tarauni,
Laraba.

Hajiya, ina gaisuwa da girmamawa. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na share ɗakinki, na shanya katifa. Mai Safa tana lafiya. Lawan yana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, har yanzu bai miƙe yadda kika koya mini ba.

'Yarki,
Hajara.

Asibiti,
Alhamis, bayan sati biyu.

Hajara,

Bayan gaisuwa. Takardunki huɗu suna ƙarƙashin matashina, kowacce ta ce "tana lafiya", ba ƙari. Abin da ke cikin kwalbar nan bai wuce na kwana goma ba, amma har yau ba ki tambaye ni inda ake sayen wani ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, na san yadda ake amsa tambaya in ana ɓoye wani abu. Ki gaya mini gaskiya. Zan iya ɗauka.

Hajiya Asabe.

Tarauni,
Asabar.

Hajiya, ina gaisuwa, kuma ki yafe mini don Allah.

Tun kwana uku da tafiyarki ta fara ƙin abinci. Sai ta ɗan lasa ta bari, ruwa kuwa ta sha ta sha, wani lokaci ta yi amai. Na ce ko bitamin ɗin ne ba ya shiga jikinta, sai na naɗe ta a zane na ɗiga mata a baki. Ta yakushe ni a hannu, amma ba da ƙarfi ba, ƙarfin ma babu.

Ranar Talatar makon jiya Lawan ya bar aiki ya kai mu wurin likitan dabbobi a adaidaita sahunsa. Likitan ya ɗibi jininta, washegari muka koma. Ya ce, "Malama, ƙodarta ce ta gaji." Na ce, "To ko a ƙara mata bitamin ɗin?" Ya ce, "A'a, ki ajiye shi. Bitamin yana taimakon mai lafiya, ba ya gyara wannan. Kuma ciwon ya daɗe, ba a hannunki ya fara ba." Ya yi mata ƙarin ruwa, muna komawa duk bayan kwana biyu. Ya ce abin da ya rage mata ko sati, ko wata, Allah ne masani.

Sista Firdausi ta ce jininki yana hawa, shi ya sa na yi shiru. Ban san ko daidai na yi ba.

Na daina tsoronta, Hajiya. In ina tsintar shinkafa a kan ƙafata take kwanciya.

'Yarki,
Hajara.

Asibiti,
Lahadi.

'Yata Hajara,

Na karanta, na yi kukan da zan yi. Ba ki da laifi ko kaɗan, ni ce mai laifin. Tun kafin azumi na lura da yawan shan ruwan nan da ramar da take yi. Maimakon in kai ta wurin likita, sai na je shago a Gyadi-Gyadi na sayo bitamin, don kada a gaya mini abin da aka gaya miki. Na bar miki ke kika ji shi a madadina.

Ki shimfiɗa mata tsohon mayafina ruwan toka. Abin da ba ta so kada a tilasta mata.

Kwana biyar ana fama da ni in tashi in taka, ina ƙi saboda zafi. Ɗazu na tambayi likita me zan yi a sallame ni. Ya ce in na kai bakin ƙofa da ƙarfen dogarawa, zan tafi ranar Alhamis. Yau na yi taku shida. Ƙofar taku goma sha tara ce, na sa Firdausi ta ƙirga.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Uwarki,
Asabe.

Tarauni,
Laraba.

Hajiya, barka da ƙoƙari, Sista ta ce kin kai ƙofa har kin leƙa waje. Gobe ƙarfe goma Lawan zai zo, ya ce zai bi a hankali.

Yau ba ta iya tashi ba, amma ta lashi romon kifi a yatsana. Na dawo da mayafin bakin ƙofar ɗakinki, inda za ta fara ganinki. Yanzu da nake rubutu tana numfashi.

Sai kin zo.

Hajara.