Farin Yadin da Na Ɗauka a Adakarki

Zuwa ga kakata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, a durƙushe, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma 'yan gidanmu za su karanta, kuma gara su ji daga bakina.

Maganar shekarar da nake aji biyar a sakandare ce, nan Gumel, lokacin da na shiga ƙungiyar waƙa da wasan kwaikwayo. Kin yi mini dariya har da tafi. Kika ce angonki da ko kiran sallah ya yi kaji ke watsewa, shi ne zai yi waƙa. Gaskiyarki ce. Mako biyu Malam Habu, mai kula da ƙungiyar, ya jure muryata, sannan ya mayar da ni mai haɗa kayan dandali.

A zangon farko aka nemi labule. Ni da son a yaba mini, na ce a bar mini wannan. Ranar da kika tafi suna a garin Ɗanzomo na buɗe adakarki, na ɗaga zannuwanki, na tarar da farin yadi a can ƙasa, a naɗe cikin leda, yana ƙanshin turaren wuta. Na ɗauka ragowar ɗinki ne. Na ce aro ne, bayan wasa in mayar.

Labulen ya yi kyau, Inna. Har shugaban makaranta ya tambayi wanda ya kawo, na miƙe ina washe baki. Aka yi hutu, ban mayar ba.

A zango na biyu aka sa gasa tsakaninmu da makarantun Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Malam Habu ya ce 'yan waƙa su fito da alama iri ɗaya, ya tambaye ni ko za a iya yanka yadin. Kunya ta hana ni cewa a'a. Tela ya fitar da ɗamara ga kowace yarinya, ya ɗinka rigar likita, abin da ya rage aka ajiye don lulluɓe wanda mota ta buge a cikin wasan. Zoɓo muka zuba masa a matsayin jini. Mun zo na biyu, muka dawo a bayan a-kori-kura muna kiɗa da kujeru.

Bayan kwana uku kina tsince wake a tsakar gida, ina cin tuwo, kika faɗa wa Gwaggo Ladi maganar kamar kina batun cefane. Kika ce: "In ta Allah ta kasance, kada ku wahalar da kowa zuwa kasuwa. Likkafanina yana ƙasan adaka. Da hannuna na tsoma shi a Zamzam."

Na tsame hannuna daga tuwon. Na san labarin shanunki biyu da aka kora kasuwar Maigatari kafin ki sauke farali. Na san kin ce ba ki sayo zinare ba, ba ki sa haƙorin Makka ba. Ban taɓa tambayar abin da kika sayo ba.

Tarin ya fara miki a farkon zango na uku, da zafin bazara. Da farko kaɗan-kaɗan, in kin tashi daga sujada. Daga baya har sai kin dafa bango. Ni kuwa kullum bayan an tashi daga aji ina zauren taron makaranta, 'yan waƙa suna gwajin waƙar bankwana ta ranar yaye ɗalibai, kowacce da ɗamararta a kafaɗa. Sai in tsaya ina kallon likkafaninki a jikin 'ya'yan mutane, suna cewa sai wata rana, sai wata rana. Tsoro nake ji.

Na gwada tattarawa. Wata ta ɓatar da tata, wata ƙanwarta ta yi wa 'yar tsana zane da ita. Mai zoɓon na wanke shi sau uku, ya ƙi fita. Ko da na samu duka, wa zai haɗa tsummoki ya kira su likkafani?

Sai na yi abin da ya fi ɗaukar muni. Na samo alawayyo a kasuwa, na tsoma shi a ruwan rijiyar makaranta don ya yi tamoji irin na wancan, na shanya a bayan ɗakin karatu, na turara, na naɗe cikin ledarki na mayar.

Ranar yaye ɗalibai kika hana ni fita da wuri. Kina kwance, kin rame har zobenki ya koma babban yatsa. Kika ce in ɗauko miki likkafanin ki gani. Na ɗauko. Idonki ya riga ya yi rauni, sai kika shafa bakin yadin da yatsa, kika kai hanci, kika daɗe a haka. Ina jin ƙarar lasifikar makaranta daga nesa ana gwada ta. Kika miƙo mini ba ki dube ni ba, kika ce: "Mayar. Je ka, kada ka makara."

Na tafi, na ja wani labulen da aka samo, aka tafa. Kwana tara kika ƙara a duniya, kuma a cikinsu ba ki sake tsokanata ba ko sau ɗaya. Na zauna kusa da ke kullum ina jiran ki tambaye ni. Ba ki tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Da alawayyon nan aka suturta ki. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. A zaman makoki ina jin Gwaggo Ladi ta cikin gida tana gaya wa duk wadda ta shigo cewa kin yi dace, kin tafi da ruwan Zamzam a jikinki, mata suna cewa Allah Ya ba mu irin wannan rabo. Har yau tana faɗa, har 'ya'yana ta faɗa wa.

Na tambayi wani malami, ba tare da na ce ni ne ba. Ya ce yadi yadi ne, aikin mutum ke bin sa kabari. Na yarda da shi. Amma ba shi ya ga yadda kika shafa bakin yadin nan ba. Ban sani ba ko kin gane kika rufa mini asiri, ko kin gane kika yi fushin da babu sauran ƙarfin faɗarsa. Wannan rashin sanin shi nake kwana da shi nake tashi, kuma akwai ranar da za a tsayar da mu ni da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata kabarinki, Ya tufatar da ke daga tufafin Aljanna, Ya shayar da ke abin da ya fi wanda na raba ki da shi. Ya sa kafin mu haɗu kin riga kin yafe mini.

Jikanki mai laifi,
Sani