Wanda Kike Ce Wa Mutum

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sanyaya miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba. Ko kina da rai ma ba ki karatun boko, sai an kira wani ya karanta miki, kuma da kin ji daga wurina ta fito, na san tashi za ki yi ki ce kin bar tukunya a wuta. To yau dai ki yi haƙuri ki saurare ni. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, kin san inda na tsaya a makaranta.

Ina Daura yanzu. Bayan sadakar arba'in ɗinki Kawu Sale ya ce gonar ba ta isar mu, ya kawo ni garejin wani abokinsa ina koyon gyaran mashin. Garin nan kowa sauri yake yi, Inna, ban san inda za su ba. An kai ni na leƙa Kusugu, rijiya ce dai kamar tamu, sai dai ita an yi mata gini. A garejin ba wanda ya tambayi sunana. Oga "kai" yake ce mini, sauran masu koyo kuma Baƙauye. Ban damu ba, duk abin da aka kira ni amsawa nake.

Ƙirjina ne ya kai ni asibiti. Da Oga ya ɗaga murya, ko ba da ni yake ba, sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa, sifanar da nake kwance noti da ita ta faɗi. In mai mashin ya tambaye ni abu sai bakina ya ƙi buɗuwa, alhali na san amsar. Wanda ya taka ni ma, ni ke ba shi haƙuri. Kawu ya karɓo mini rubutu na sha, na je kemis aka ba ni ƙwayoyi, shiru. Har Oga ya ce wa Kawu in haka zan ci gaba gara a mai da ni gida, shi ba zai iya da bebe ba.

A asibitin suka auna ni, suka ɗebi jini, suka ce lafiyata lau. Sai wata nas ta nuna mini wani ɗaki can ƙarshen baranda. 'Yan gareji da suka ji, suka ce an kai Baƙauye ɗakin mahaukata. Ni ma na tsorata. Na shiga na tarar da kujeru biyu da fanka da wani dattijo, Malam Kabiru. Ba allura, ba magani, ko abin sauraren ƙirjin nan bai rataya ba. Wai shi aikinsa magana. Inna, kin taɓa jin inda magana ta zama magani? Na zauna ina jiran a fara aikin, ashe an riga an fara.

Ya tambayi sunana, na faɗa, sai ya riƙa sa shi a kowace magana. Na rasa inda zan sa kaina, kamar an ara mini rigar wani. Ya tambaye ni me nake so in zama, na ce duk abin da Kawu ya ce. Ya ce ai ba Kawu ya tambaya ba. Na zuba wa fanka ido tana ta juyawa. Haka na yi ta komawa, ina fita ina mamakin abin da ke mai da ni.

Wata rana na ce masa ya daina wahalar da kansa, ni ba kowa ba ne, haka Allah Ya yi ni. Ya tambaye ni wa ya fara gaya mini haka. Na ce babu. Sai kawai na ji bakina ya faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba.

Na sani, Inna, na sani. Ɗan fari ne ni, kunya ce. Har yabon ki ake yi a garinmu, wai ba a taɓa kama ki kina kallona ba. Amma ƙaramin yaro me ya sani game da kunya? Abin da na gani shi ne kina ɗora ƙanwata Asabe a cinya kina yi mata wasa, kina kiran autanki Sani ki goge masa majina, ni in na shigo ki kau da kai. Ranar da na faɗo daga bishiyar kanya hannuna ya goce, Goggo Mairo ce ta ɗauke ni, ke kina bakin murhu ko motsi ba ki yi ba. Da ciwonki ya yi tsanani kin kira kowa da sunansa kin yi masa nasiha, ni ina bakin ƙofa ina jira. Ba ki kira ba. Sai na ce a raina, in wadda ta haife ni ba ta ga abin kira a jikina ba, wa zai gani?

Na zaci Malam Kabiru zai ce in yi istigfari, al'ada ce. Bai ce ba. Murmushi ma ya yi, ya ce shi ma ɗan fari ne, tsohuwarsa har yau "wancan" take ce masa, ga shi da jikoki. Ya ce kunyarki gaskiya ce, ciwon da na ji shi ma gaskiya ne, ba sai ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba. Sannan ya tambaye ni, to in kina son in ci abinci, yaya kike yi?

Na ce masa bango kike yi wa magana. Kuma haka ne. Sai ki ajiye kwano ki dubi rumbu ki ce, "Mutum ya zo ya ci tuwo tun bai huce ba." In za ni gona ki ce, "Mutum dai ya sa hula, ranar nan ba ta da kyau." In na daɗe a waje ki ce, "Mutum bai san ana jiran sa ba ne?" A kunnena wannan "mutum" ɗin kamar a ce wani ne, ko wane, wanda bai kai a san sunansa ba. Sai ya tambaye ni wa kuma kike ce wa haka a gidan. Na bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Baba "Malam" kike ce masa. Asabe, Asabe ce. Sani, Sani ne. Baƙo ma "bawan Allah" kike ce masa. Babu, Inna. Ni kaɗai ne.

A nan ya sallame ni. Ni ne na yi ta juya kalmar a hanya har na wuce kwanar gareji ban sani ba. Ba ke ce in wani ya ci amana kike cewa wane ba mutum ba ne? Ba ke ce kike yi wa yara addu'a Allah Ya sa su zama mutane ba? Ni tun ina yawo ba wando kike ce mini mutum. Kuma wa zai san kaina ba hula in ba wadda ke kallona da wutsiyar ido ba?

Ban sani ba ko haka kike nufi. Wataƙila kalmar da ta zo bakinki ce kawai. Na gaya masa haka, ya ce ba mai iya tambayar ki yanzu, amma ni ke da ikon zaɓar abin da zan riƙe. Ba zan ɓoye miki ba, da na so ki kira ni ko sau ɗaya ne. Wannan wurin bai warke ba, in na taɓa shi yana zafi. Amma na daina cewa ni ba kowa ba ne.

Ƙirjin ma bai saki gaba ɗaya ba, sai dai ya koya mini in ya taso in ja numfashi a hankali, in ji ƙafafuna a ƙasa. Kwanan baya Oga ya ce kai, miƙo fulogi. Na miƙa, na ce masa Oga, sunana Lawali. Ya dube ni ya ce to da wa ya ce sunana Ladi? Gareji ya ɗauki dariya. Amma washegari da sunan ya kira ni, kuma ban sake jin zancen mai da ni gida ba.

Gida kowa lafiya. Baba na fama da gwiwarsa amma yana zuwa masallaci. Gero ya yi kyau bana. Jar akuyarki ta haifi biyu, Sani ya ce nasa ne, ba wanda ya yi masa musu.

Babban labarin shi ne Asaben da kika aurar kafin ki kwanta ta haihu, namiji, Goggo Mairo ke yi mata wankan jego. Na je suna. Na tarar ta riga ta fara: ana miƙa mata jariri tana kau da kai, tsofaffi na guɗa suna cewa ta gado ki. Da aka watse na shiga ɗakin na ce mata ta yi kunyarta a gaban mutane, ba wanda ya hana ta, amma in daga ita sai shi, ta kira shi da sunansa ya ji. Ta rufe fuska da mayafi, wai Daura ta lalata ni. Amma ba ta ce a'a ba. Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Ban tsaya saurare ba, ba tawa ba ce.

Inna, in laifi ne na yafe miki, in ba laifi ba ne ki yafe mini zargin. Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa mu a inda ba sauran kunya.

Ni ne ɗanki na fari,
Lawali