Abin da Ya Rage na Limbikani

Blantyre, watan Agusta

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar, yaya mutanen Ntcheu? Mu nan sai dai a ce da sauƙi.

Mama, na rubuto ne don na kasa faɗa miki a waya. Ramar da kika ga mijina Limbikani ya yi lokacin Ista ba wahalar koyarwa ba ce. Tun kafin nan tuwon nsima ke tsaya masa a ƙirji, yana korawa da ruwa, yana ɓoye min. Yanzu kunu kaɗai ke wucewa. An zura masa na'ura ta baki an duba. Sankarar maƙoshi ce, kuma ta yi nisa.

Kin san a kan wannan cutar nake bincike tun da na gama karatu. Da likitan ya juyo min da hoton, ban bari ya wahalar da kansa da bayani ba. Na yi masa godiya, na kai Limbikani gida, na koma wurin aiki na ƙarasa abin da na bari. Har yau ban yi kuka ba. Ina ta jira, bai zo ba.

Kin sha tambayata abin da nake leƙe a madubin duba ƙananan halittun nan yini guda. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani ɗan wuri da ake kira Golgi, kamar tabarmi da aka ninke aka ɗora kan juna. A nan ake ƙunshe abin da ƙwayar ta ƙera, a tura shi inda za shi. Akwai wani sinadari, furotin, a wurin da muka ga ya yi yawa a ƙwayoyin sankara, muna zaton shi ke taya su hayayyafa. Zato ne kawai, ba magani ba. Yayan Limbikani ya ce min, "To Dokta, ina amfanin karatun naki?" Na ce ni ba likitar mutane ba ce. Ya ce ai ya gani.

Shi kuwa mai ciwon bai bar tsokana ba. Ya nace sai an ɗebi ɗan nama daga ƙarin an kai ɗakin gwajinmu, ya sa hannu da kansa. Wai, "Shekara nawa ina gasa da waɗannan ƙwayoyin naki? In na shiga kwanon gwajin naki, ko ranar Lahadi sai kin zo duba ni." Na san abin dariya ne, sai na yi dariyar.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Kawu da iyalinsa.

'Yarki,
Tiyamike

Blantyre, watan Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kin isa gida lafiya bayan jana'izar Limbikani, gajiyar hanya kuma ta sake ki. An fara ruwa a wurinku?

Na koma aiki. Shugaban ɗakin gwajinmu, Dokta Mwafulirwa, ya ce in ƙara hutawa, na ce a gida ba ni da abin yi sai kallon bango.

Akwai abin da ban faɗa miki ba a wurin makoki. Naman da aka ɗiba daga jikin Limbikani ya kama. Yawanci irinsa mutuwa yake yi a kwanon gwaji, amma nasa yana nan yana yaɗuwa. Lamba kaɗai ce a jikin kwanon, ba suna, kuma an damƙa shi ga wata abokiyar aikina don kada in taɓa. Amma na san wanne ne. Nakan tsaya a bayanta in ga tana canja masa ruwan abinci, jan ruwa mai kama da zoɓo da aka tsinka. Mutumin da kunu ya gagare shi, ga wannan abu nasa yana ci yana ƙoshi. Nakan kalla, in koma kujerata.

Maganar ta kai kunnen surukata, Mama Nambewe. Ta hawo mota tun daga Mulanje, ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a dakalin ƙofa. Ta ce, "'Yar nan, gaskiya ne ba duka ɗana muka binne ba?" Na ce gaskiya ne, kuma shi ya so haka. Ta ce, "Shi ya so, amma ni na haife shi da jikinsa cikakke. Ba na barci. Ki ba ni sauran in kai masa."

Ta sa ni tsaka mai wuya. In na ba ta, na karya maganarsa, kuma aikin da muka daɗe muna jiran irin wannan nama dominsa ya tafi. In na hana ta, kin dai san yadda ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Na dafa mata shayi, ya huce a gabanta.

Ki huta lafiya, Mama.

'Yarki,
Tiyamike

Blantyre, watan Janairu

Mama,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kina lafiya, masarar kuma ta yi kyau.

An yi gwajin. Aka raba ƙwayoyin gida biyu, aka toshe furotin ɗin a kaso ɗaya. Waɗanda aka bari suka cika kwano. Waɗanda aka toshe wa suka tsaya, da yawansu suka mutu. Dokta Mwafulirwa ya buga tebur don murna, sai ya tuna ina wurin, ya sauke hannunsa. Na ce masa ya yi murnarsa, ya cancanta. Daga nan zuwa magani tafiya ce ta shekaru, wataƙila ma ba za a kai ba.

Na roƙe shi ya bar surukata ta shigo, ya yarda. Aka sa mata farar riga a kan zanenta. Ta daɗe da ido a bakin madubin, ta ce ita dai duwatsun rafi take gani. Sannan ta ɗago ta ce, "Yana jin zafin abin da kuke masa?" Na ce ba ya ji. Ta ce, "Ki dube ni ki faɗa." Na dube ta na faɗa.

Daga ƙarshe an raba ƙwayoyin. Masu ran aka daskarar da su a ajiye don aikin gaba. Matattun aka tsabtace su, aka rufe a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, aka ba ta. Ta ƙulle ta a bakin zane.

Ranar Asabar muka kai Mulanje. Fasto ya yi addu'a, yayan Limbikani ya tona ɗan rami a gefen kabarin. Mata suka sake fashewa da kuka kamar ranar farko. Ni ina tsaye, abin da na lura da shi kawai shi ne an rubuta sunansa a karkace a jikin gicciyen. Mama Nambewe ta kama hannuna ta ce daren nan za ta yi barci. Na ce mata madalla.

Mama, ki zo. Zan turo a ɗauko ki. Kada ki tambaye ni me za ki yi min, ban sani ba. Ki zo kawai ki zauna a gidan, in riƙa jin motsin mutum idan na buɗe ƙofa.

Ina gaida kowa. Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Tiyamike